Neman damfar sitiyari ga babur ɗina mai ƙafa huɗu: inda aka kwana

2 ga Maris, 2024

Na yanke shawara zan sa wa mashin ɗin nan damfar sitiyari, wato na'urar da ke rage fizgar kai, kuma zan riƙa rubuta duk abinda ake ciki dan kar wani abu ya shige min duhu daga baya. Mashin ɗin Yamaha Raptor 700 ne, na hannu na saye shi, injin cc 686, ƙafafun baya ne kawai ke ja kuma babu fawa sitiyari a jikinsa, duk abinda tayar gaba ta taka hannunka ne zai karɓa.

Matsalar ita ce fizga. Kana tafiya lafiya lau akan hanyar daji sai ƙafa ɗaya ta daki dutse ko saiwar bishiya, kafin ka ankara kan mashin ya wafce gefe guda kamar za'a cire maka wuyan hannu, gashi totur ɗin waɗannan mashinan da babban yatsa ake dannawa, to idan kan ya fizge zuwa dama hannun yana matsowa jikinka yatsan ya ƙara danna totur ba da niyya ba, a daidai lokacin da ya kamata ace ka sassauta. Wannan shine abinda yafi tayar min da hankali, ba wai gajiyar hannu kawai ba.

A babur mai ƙafa biyu tayar gaba tana tsakiya ne, in ta daki abu kai tsaye yawanci shok ne ke shanyewa. Mai ƙafa huɗu ba haka bane, kowace taya tana can gefe, in ɗaya ta ci karo da abu ɗayar kuma ta wuce salin alin to wacce ta daki abun zata nemi juyawa, tayarod, ƙarfen da ke haɗa taya da sitiyari, ya kwashi ƙarfin ya kai wa sandar sitiyari, sanda ta miƙa wa hannunka. Ita damfa aikinta ta shiga tsakani. Mai ne a cikinta da ake tilasta masa bi ta ƴar ƙaramar kafa, in ka juya kan a hankali man zai wuce ba gardama, in kuwa aka fizgo da sauri man bazai samu hanyar wucewa lokaci guda ba sai ya turje. Kamar dai hannu a cikin ruwa, ka ja shi a hankali ba komai, ka mare shi da ƙarfi kaji tauri. Kenan ita saurin juyawa take yaƙa, ba juyawar kanta ba.

9 ga Maris

Kafin in kashe ko sisi akan damfa na ɗaga gaban mashin da jak na duba ƙafafun, dan damfa akan sandar sitiyari take aiki, duk wani lagwai-lagwai da yake ƙasa da nan bata ma san da shi ba, tayar zata cigaba da rawarta ita kuma tana can sama tana riƙe da sanda.

Yadda na duba: ka kama taya ta hagu da dama ka girgiza, in kaji ƙwas-ƙwas to kan tayarod ne ya ci. Ka kama sama da ƙasa ka girgiza, in da motsi to boljoyin ne, wato gaɓar da taya ke juyawa akanta, ko boris ɗin wili. Na hagu kan tayarod na waje ya tafi, robar da ke rufe shi ma ta yage yashi ya shiga ya cinye ciki, kana ganin ƙwallon yana motsi da ido tun kafin tayar ta motsa. Bushin ɗin da ke riƙe sandar sitiyari daga sama ya bushe ƙayau babu ɗigon giris. Boris da boljoyin lafiyarsu ƙalau.

Sai babban abun. Wanda ya riƙe mashin kafin ni ya sa sifesa a ƙafafun gaba, wato ƙarfen da ake sawa a bayan rim dan ya tura taya waje, inci ɗaya da rabi kowane gefe, dan mashin ya ƙara faɗi. Na gane dalilinsa, Raptor ba wani faɗi ne da shi ba, wajen inci 46 ne, kuma faɗi yana rage saurin kifewa a kwana. Amma ga inda gizo ke saƙa: taya tana juyawa ne akan layin da ya ratsa boljoyin na sama da na ƙasa, in ka miƙa layin nan har ƙasa zai sauka a wani wuri, tsakiyar inda taya ke taka ƙasa kuma yana wani wurin can waje da shi kaɗan. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce hannun da dutse ke kamawa ya murɗe maka kai. Sifesa baya matsar da boljoyin ko kaɗan, tayar kawai yake turawa waje, to tazarar ta ƙaru da inci ɗaya da rabi cif, dutsen da da zai ɗan taɓa ka yanzu fizgarka zai yi. Haka rim mai zurfi ta waje yake yi, shi yasa masu tsere suke son rim na gaba da ake kira 4+1 (inci 4 ta ciki, 1 ta waje) ba 3+2 ba, in suna son faɗi kuma dogayen hannuwan ƙafa suke sawa waɗanda zasu fitar da boljoyin ɗin tare da tayar gaba ɗaya.

Iskar taya ma na auna. Littafin mashin yace psi 4 ne, kuma gejin mota baya karanta iska ƴar wannan, sai da geji na musamman mai ƙaramin ma'auni. Ta dama tafi ta hagu da wajen psi 2. A mota wannan ba wani abu bane amma a tayar da dukkan iskarta 4 ce ai rabi kenan, tayar ma tsayinta canzawa yake, shi yasa mashin ke jan gefe.

17 ga Maris

Na canza kan tayarod duka huɗun tunda an riga an kwance, na wanke bushin na cika giris, na cire sifesa. Nayi alaimen da tef, a auna tazarar tayoyi biyu ta gaba a auna ta baya mutum na zaune akan mashin kan kuma yana tsaye sak, a daidaita da abinda littafi yace, ƴan milimita ne kawai.

Na fita gwaji. Wallahi kamar an canza mashin, rawar da yake a miƙaƙƙiyar hanya ta ɗauke gaba ɗaya, fizgar ta ragu sosai. Amma bata tafi ba, a wurin duwatsu da gargada har yanzu sai ka damƙe kan da ƙarfi, kafin wani lokaci sangalin hannu ya ƙage yatsu su mutu. To yanzu na tabbata abinda ya rage aikin damfa ne ba na gyara ba.

24 ga Maris

Damfa iri biyu ce dai a duniyar nan. Akwai mai sanda, doguwa siffar ƙaramin shok, fistin ne ke kai da kawowa a cikin bututun mai, ana ɗaure gindinta a jikin firem kanta kuma a jikin wani maɗauri akan sandar sitiyari. Akwai kuma mai juyi, ƴar ƙaramar gwangwani ce mai kauri, cikinta wani fiffike ne ke share mai daga wannan ɓangare zuwa wancan ta cikin bawul idan an juya kai.

Mai sanda tafi sauƙin samu da sauƙin ɗaurawa kuma bata kai mai juyi tsada ba, shi yasa mutane da yawa da ita suke farawa. Wani abokin hawa na yana da ɗaya da ya cire daga nasa mashin yace in ɗauka in gwada kafin in yanke hukunci, kuma naji daɗin hakan dan karatu daban abinda hannu zai faɗa maka daban.

Abu ɗaya da dole a duba wajen ɗaura mai sanda: a juya kan har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, a tabbata ƙarfen da ke tsayar da sitiyari a jikin firem shi ke fara taɓawa, sandar damfa kuma tana da ɗan sauran tafiya a kowane gefe. In ita ce ke ƙurewa kafin sitiyari to ta zama ita ce burkin kai, duk dukan da aka yi fistin ne zai sha, ba zata daɗe ba zata lanƙwashe ko ta fara zubar da mai. Na ɗaura ƴar igiyar roba a jikin sandar dan in ga iya inda take shiga, akwai saura kamar faɗin yatsa kowane ɓangare, to ba laifi.

6 ga Afrilu

Na ɗan jima ina hawa da ita kuma gaskiya tana aiki, duk wanda yace mai sanda shirme ce bai gwada ba. Saiwar da nasan tana wafce min kai yanzu sai dai inji dum a hannu kan ya ɗan karkata ya tsaya.

Inda muka saɓa da ita shine wurin saiti, maɓalli ɗaya ne tak, in ka ƙara to ka ƙara ko'ina. Na ƙara har inda duwatsu suka daina damuna sai na shiga ƙananan kwanoni tsakanin bishiyoyi naji kan yayi nauyi kamar ana riƙe min, na rage har kwana tayi daɗi sai fizga ta dawo. Kuma wannan nauyin a mashin irin nawa ba ƙaramin abu bane, dan ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya guda ɗaya ne sambal, tayoyin baya biyu gudu ɗaya suke yi dole, babu abinda ke barin ta waje tafi ta ciki sauri kamar na mota. Shi yasa in zaka sha kwana da ɗan gudu sai ka jingina jiki ciki ka bar bayan ya zame, kuma da zarar ya zame hannunka ne zai mayar da kan ɗaya gefen cikin ƙiftawar ido dan ka tare shi. To ita damfa bata san bambancin dutse da hannun mai mashin ba, sauri kawai ta sani, in tayi tauri a lokacin to ta jinkirta ka a inda baka da lokacin jinkiri, kuma ni a wurina wannan yafi fizgar dutse haɗari dan a nan ne mashin ke ɗaga ƙafa biyu.

Sai kuma wurin zamanta, tana ƙasa tsakanin ƙafafu inda laka da tsakuwa ke watsuwa, sandar tana fita tsirara ta kwashi ƙura ta koma da ita ta cikin sil, robar da ke tare mai. Duk dawowa sai na goge. Ba ita zan saya ba amma ta nuna min ainihin abinda nake nema: tauri lokacin da kan ke tsaye, sauƙi lokacin da aka juya.

14 ga Afrilu

Na zauna akan masu juyi.

Scotts ita ce wacce kowa ya sani musamman masu babur ɗin daji mai ƙafa biyu, a saman kai ake ɗaura ta, asalin zanenta daga Öhlins na Siwidin ya fito. Saiti uku gareta, akwai babban maɓalli a sama na juyi a hankali wanda zaka iya murɗawa kana tafiya, akwai na duka mai sauri da ke ɓoye ƙarƙashin murfi, sai wasu biyu a gefe da ke yanke iya kusurwar da damfar zata yi aiki, in kan ya wuce nan sai ta sake shi. Ta daji kuma bata riƙe kai idan yana dawowa tsakiya, fita daga tsakiya kawai take tarewa. A takarda wannan yayi min sosai. GPR itama a saman kai ake ɗaura ta amma maɓalli ɗaya ne babba mai lambobi, da safar hannu ma zaka murɗa, mai son sauƙi ita ce tasa. Abinda ya ɗan tsayar da ni akan na sama shine sai an kafa musu wani ɗan turke a jikin firem wanda hannun damfar zai kama, a mashin mai ƙafa huɗu kuma wurin cike yake da roba da wayoyi da tanki, wani lokacin ma sai an ɗaga kan ko an yanke roba.

Elka na Kanada sun yi System 3, ita ma uku ce, a hankali, da sauri, da kuma dawowa tsakiya. Sai Precision wacce dama dan masu ƙafa huɗu aka yi ta, ana ɗaure ta a jikin firem can ƙasa kusa da sandar sitiyari, ɗan gajeren hannu ne ke haɗa ta da maɗaurin da ke kan sandar, saitinta biyu: na tsakiya daban na gefe daban. Wato daidai maganar da na rubuta a makon jiya.

Wani ya tambaye ni me zai hana in nemi mashin mai fawa sitiyari in huta. Gaskiya ne tun 2007 Yamaha Grizzly 700 ke zuwa da na lantarki kuma shi kansa yana shanye duka sosai, wanda ke da irinsa da wuya ya buƙaci damfa. Amma wancan mashin ne na aiki mai jan ƙafa huɗu, nauyinsa daban hawansa daban, ba shi nake so ba.

28 ga Afrilu

Precision na ɗauka. Ba dan sauran basu da kyau ba, inda hawana na miƙaƙƙen fili ne da gudu mai nisa inda zan so in riƙa canza saiti ina tafiya da ta sama zan ɗauka, ita wannan sai ka tsaya ka duƙa kafin ka taɓa ta. Amma ni rabin hawana duwatsu ne rabi matsattsun kwanoni kuma suna cakuɗe da juna, babu lokacin murɗa maɓalli tsakaninsu, gara wacce ta raba aikin da kanta.

Wajen oda a kula, ƙarafan ɗaurawa na kowane mashin daban ne, na Raptor 700 bazai hau wasu masu ƙafa huɗu kamar YFZ450 ko TRX450R ba, kuma maɗaurin yana bin kaurin sandar sitiyari, wanda ya canza sanda ya sa ta kasuwa sai ya auna tasa. Tawa ta asali ce.

11 ga Mayu

Ta iso, na ɗaura yau. Na cire robar gaba dan in samu wuri. Abinda yafi cin lokaci shine tsakiya, tunda damfar tana bambanta tsakiya da gefe to dole tsakiyarta ta dace da tsakiyar mashin, in ba haka ba zata riƙa sakin kai da wuri a hagu tana riƙewa a dama. Na tsayar da tayoyi sak na ɗaure kan da igiya ta ɓangare biyu dan kar ya motsa, na sa hannun damfar a tsakiyarsa, sannan na zura maɗaurin a jikin sanda ina juya shi kaɗan kaɗan har ramin ɗan hannun haɗi ya zo daidai noti ya shige da yatsa ba tare da an tura komai ba. Sai a lokacin na ɗaure. Na goge sandar da fetur tukun dan giris ɗin da na sa wa bushin ya gangaro, maɗauri akan maiƙo kuwa zamewa zai yi ranar da aka yi duka mai ƙarfi. Kowane noti na ɗiga masa Loctite mai shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, na ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, sannan na ja layi da fenti daga maɗauri zuwa jikin sanda, in layin ya rabu nasan ya motsa.

Na kwance igiyar na juya kai ƙarshe zuwa ƙarshe gaban yana sama, ƙarfen firem ne ke tsayar da shi duka ɓangarorin, madalla. Tiyon birki yana gogar hannun haɗi in an ƙure dama sai na matsar da shi na ɗaure. A hannu kana jin inda take canzawa, a tsakiya akwai ɗan riƙo mai santsi, ka wuce wani wuri sai kaji ta sassauta.

19 ga Mayu

Saiti. Na fara da yadda ta zo daga kamfani, kuma hanya ɗaya nake bi kullum mai duwatsu da gargada da kwanoni dan in iya kwatantawa, abu ɗaya nake taɓawa a kowane zagaye kuma kaɗan kaɗan.

Na tsakiya na ƙara har sai da naji mashin ya fara lilo a hankali a miƙaƙƙiyar hanya, wannan alama ce ta yayi yawa, dan ƴan gyare-gyaren da hannu ke yi ba tare da ka sani ba sun daina wucewa, kana gyarawa a makare sai ka wuce gona da iri ka sake gyarawa. Na dawo baya har lilon ya ɓace na bar shi nan. Na gefe kuwa rage shi nayi ƙasa da yadda ya zo, na samu fili mai yashi na riƙa zamar da baya ina tarewa har naji hannuna na zuwa inda nake so ba wanda ya riƙe shi. Ban sake shi gaba ɗaya ba dan dutse yana iya samunka a tsakiyar kwana ma, kuma a nan ne hannu yake a miƙe ba ƙarfi.

Abinda na lura, da safe kafin mai yayi ɗumi tafi tauri, in an jima ana hawa sai ta ɗan saki. Haka mai yake, to kar a yi saiti a mintunan farko.

2 ga Yuni

Yanzu na daina taɓa ta. Bambancin da yafi burge ni ba a manyan duwatsu yake ba, a riƙo yake, na daina damƙe kai kamar za'a ƙwace min, yatsu sun saki, babban yatsa yana kan totur shi kaɗai ba ya taya riƙo, hannu baya mutuwa kamar da. Babban duka kuma har yanzu ana jinsa, kan yana karkata, amma a hankali yake zuwa yadda zaka iya tare shi. Abu ɗaya da nake sa wa kaina ido shine gudu, tunda hanya ta daina dukan hannu sai kaga ka ƙara wuta baka sani ba, alhali tayarod da boljoyin suna shan dukan nan yadda suke sha da, har ma fiye, tunda yanzu sandar bata gudu ta basu hanya. Shi yasa girgiza ƙafafu akan jak ya zama dole duk bayan hawa mai wuya.

Layin fenti yana nan bai rabu ba, babu alamar mai a jikinta. Na mayar wa abokina tasa.

Abinda ya rage shine faɗin da na rasa da na cire sifesa, a kwana mai gudu ina jin rashinsa. Ina duba dogayen hannuwan ƙafa masu ƙarin inci 2 kowane gefe, irin waɗanda ake iya saita kwanciyar boljoyin na sama ya koma baya kaɗan, dan wannan kwanciyar ita ke sa kai ya riƙa komawa tsakiya da kansa, amma su kuma suna zuwa da dogayen tayarod da tiyon birki kuma sai an sake duba shok, sannan a faɗaɗa baya ya dace. In sun hau sai an sake alaimen, saitin damfa kuma daga farko.